Damina ta kama: zawon da ba a shelarsa ya fi kwalara ɗaukar mana yara

Ruwa ya sauka, hatsi ya fara tsiro, mun gode Allah. Amma masu sauraronmu na ƙauyuka sun san abin da ke biyo bayan ruwan farko. Rijiyoyin da ba a ɗaure bakinsu da siminti ba suna haɗiye duk abin da ruwa ya kwaso daga bayan gari, tabkuna sun cika, layin mata masu goyo kuma ya fara tsawo a ƙofar gidajen likita. Wasu masassarar cizon sauro ce ta kawo su, wasu kuwa zawo.

Idan aka ce zawo a damina, hankalin hukuma kan tafi wajen kwalara, kuma da dalili. A watan Yulin 2018 cutar ta ɓulla a gundumar Madarunfa, kusa da iyakarmu da jihar Katsina, kafin ta lafa ta kama mutane sama da 3,500 a ƙasar, akasarinsu a jahar Maraɗi. A 2021 ta dawo da ƙarfi, ta taɓa Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso har da Yamai, mutane sama da 5,000 suka kamu, sama da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Ambaliyar 2024, wadda ta kashe mutane sama da 300 ta kuma rushe tsohon masallacin Damagaram, ta sake nuna mana yadda ruwa ke cakuɗa salga da rijiya cikin dare ɗaya. Duk lokacin da aka ambaci kwalara za ka ga motoci, tantuna, ruwan jabel da sanarwa a rediyo. Haka ya kamata.

Abin da muke son mu tsaya a kansa shi ne ɗaya zawon, wanda ba ya da tanti ba ya da sanarwa. Zawon da uwa za ta ce ai haƙora ne ke fitowa, kaka ta ce nonon ya yi zafi, uba ya ce bari mu ga gobe. Shi ne yake cikin manyan cututtukan da ke kashe ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar, tare da masassara da ciwon huhu, ko a shekarar da ba a ji ɗuriyar kwalara ba. Yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, gida gida, shi ya sa ba ya zama labari.

Sai mun san aikin hanji kafin mu gane inda haɗarin yake. Abinci idan ya bar tumbi yana shiga ƙaramin hanji, wanda a jikin babba ya kai wajen mita shida. A nan ne jiki ke tsotse amfanin tuwo da fura, kuma a nan ne yake mayar da ruwa cikin jini. Ruwan da ke ratsa hanjin babba a yini ɗaya, idan aka haɗa wanda ya sha da miyau da ruwan tumbi da na maɗaciya, ya kai lita takwas zuwa tara. Kusan duka jiki ke karɓe abinsa, abin da ke fita da bahaya bai wuce ƙaramin kofi ba. To idan ƙwayar cuta ta shiga, wannan mayarwar ce ke lalacewa. Kwalara tana sa hanji ya riƙa kwararo ruwa da gishiri waje, har babba ya iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya, bahayan kamar ruwan wankin shinkafa. Ƙwayar rota, wadda ta fi addabar jarirai, ita kuma goge fatar cikin hanjin take yi. Yaro mai kilo bakwai ko takwas ba shi da ajiyar ruwan da zai jure haka kwana biyu. Idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ka ja fatar ciki ta ƙi komawa da sauri. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashewa.

Akwai wata ƙofa a cikin hanji da ko kwalara ba ta rufe ta. Idan sukari da gishiri suka zo tare a daidai gwargwado, hanji yana jawo su ciki, ruwa kuma ya bi su. A kan wannan aka gina ƙunshin gishiri da sukari da ma'aikatan lafiya ke kira SRO. Ƙunshi ɗaya a cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa bai wa yaro kaɗan kaɗan da cokali, idan ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana yini guda a zubar a haɗa sabo. Inda babu ƙunshin, ana iya haɗa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a lita guda, kafin a kai ga likita. A kula fa, gishiri idan ya yi yawa illa ne. Sai kuma ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, wadda ke rage tsawon ciwon ta kuma taimaka wa hanji ya warke, ko da zawon ya tsaya a kwana na uku a ƙarasa ta. Mai kwalara ma, idan aka mayar masa da ruwa a kan lokaci, cikin mutum ɗari da wuya a rasa ɗaya.

Yanzu mu dubi abin da ake yi a gidajenmu. Da zawo ya kama, sai a tari mai tallar magani a kan tire ko a bayan keke ranar kasuwa, a sayo filajil biyu da kafso ja da rawaya. Filajil yana da aikinsa a kan wasu ƙwayoyin ciki, amma bai san rota ba, kuma ba ya mayar da ko ɗigon ruwa. Ƙwayar nan da ke ɗaure ciki nan take, ita kam haɗari ce ga ƙaramin yaro, ba a ba shi. Zawon da ke buƙatar maganin kashe ƙwayoyi, kamar atuni mai jini, likita ne zai duba ya rubuta. Mu a ganinmu kuɗin da ke tafiya wajen mai tire ya fi na SRO da zinki, ga ɓata kwana biyu da ake yi ana jiran ƙwaya ta yi aiki.

Wani abin da ya fi wannan ciwo shi ne hana abinci. Ana cewa a bar ciki ya huta, a rage nono, a daina kunu. Fatar hanjin da ta goge da abinci take sake ginuwa. Yaron da aka hana ci yana fita daga zawo a rame, hanjinsa bai gama warkewa ba, wani zawon ya same shi bayan sati uku, ya ƙara ramewa. Haka ake tafiya har a tsinci kai a cibiyar masu tamowa, kuma duk wannan yana faɗowa ne a watannin da rumbu ya yi ƙasa, kafin sabon hatsi ya iso. Idan muna maganar tamowa a Maraɗi da Damagaram mukan ɗora laifin duka a kan rumbu. Randa da moɗa suna da nasu kason. A ci gaba da shayarwa, a ƙara ma, kuma jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ya ishe shi, ba sai an ɗura masa ruwan rijiya ba.

Ta ɓangaren hukuma, akwai abin da aka yi. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. A 2014 aka shigar da rigakafin rota cikin jerin rigakafin jarirai, ɗigo ne a baki, ana farawa daga sati shida da haihuwa. Mutanen Madarunfa ma suna da abin alfahari a nan: a gundumarsu ne ƙungiyar likitocin MSF da cibiyar bincikenta Epicentre suka gwada wani rigakafin rota mai jure zafi, Rotasiil, a kan jarirai sama da 3,000, sakamakon ya fito a 2017, ya nuna yana kare kusan kashi biyu cikin uku na zawon rota mai tsanani. Sai dai kowa ya san inda kyautar ke cije wa. Gwamnati ta sha yin jinkirin biyan gidajen likita kuɗin aikin da suka yi, idan kuma ba a biya ba kantin magani ya kan bushe, a miƙa wa uwa takarda ta je ta saya. Uwar da ta taka kilomita goma sau ɗaya ta dawo hannu wofi, karo na gaba wajen mai tire za ta.

Tushen abin kuwa yana bayan gari. Fiye da rabin mutanen ƙasar nan har yanzu a fili suke bahaya, a karkara abin ya fi haka. Ko famfo ya ba da ruwa mai kyau, bidon da ba a wanke ba da moɗar da kowa ke tsomawa da hannu sun isa su ɓata shi kafin ya kai bakin yaro. Furar da aka dama da irin wannan ruwa, komai kyan nononta, ta ɗauko.

Ƴan uwanmu da ke Kano, Legas, Abijan, Akara, Libiya da Aljeriya, ku da kuke karanta mu a waya, kun fi mu sanin cewa kiran kuɗin magani yakan zo muku ne bayan yaro ya galabaita. Jika biyu ko uku da aka aiko yanzu da sunan SRO, zinki, sabulu da ƙwayar tsabtace ruwa Aquatabs sun fi jika ashirin na mota da ƙarin ruwa a watan Agusta. Wanda Allah ya hore wa, buhun siminti da za a rufe ramin salga ko a ɗaure bakin rijiyar unguwa da shi yana amfanar gidaje da yawa. Ku kuma gaya wa na gida a waya: yaron da ya kasa sha, ko yake amai ba tsayawa, ko aka ga jini a bahayansa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, a ɗauke shi a wannan daren, kada a jira asuba. Babba ma da ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi SRO tun a hanya, a kuma sanar da gidan likita don a duba sauran gidan.

Ga magadan gari da shugabannin gundumomin kiwon lafiya, tambayarmu ta lissafi ce. Ƙunshi nawa na SRO da zinki ke cikin kowane CSI da kowane ƙaramin gidan likita na ƙauye a yau, nawa ke hannun ƴan sa kai da ke zagaya gidaje, kuma wa zai kai ƙari idan gulbi ya yanke hanya? Masu sauraro da suka je suka tarar babu, su kira mu su faɗi sunan garin, za mu kai tambayar inda ta dace.