Kilim ɗin mota: an bar jaki ana dukan taiki

Da zarar bazara ta kama, zafin Afirilu da Mayu ya haura digiri 40 a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, ƙorafi ɗaya za ka ji a bakin masu mota: "Kilim ɗina a kan hanya ƙalau yake, amma da na tsaya sai ya koma hura iska mai ɗumi." Amsar da ake ba su ma ɗaya ce: "Gaz ne ya ƙare, kawo a ƙara." A ganina babu amsar da ta kai wannan cin kuɗin jama'a a banza, kuma laifin ba na makanikai kaɗai ba ne.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Kilim zafin cikin mota yake kwashewa ya fitar waje. Gaz ɗin da ke zagayawa cikin bututu shi ke ɗaukar zafin, kwamfaresa ta matsa shi, ta tura shi zuwa wata raga da ke gaban radiyato, wadda ake kira kondansar. A nan iskar waje ke ratsa ragar ta tafi da zafin. In kana gudu tsakanin Doso da Kwanni, iska da kanta take dukan ragar. In ka tsaya cikin cunkoson gadar Kennedy, babu mai kawo iska sai fanka. Ga shi kuma injin ya sauka zuwa juyi 700 ko 800 a minti, kwamfaresar da yake ja ita ma ta rage ƙarfi. Ke nan motar da ke sanyi a guje, ta yi zafi a tsaye, ta riga ta nuna maka inda za ka fara dubawa: iska.

Na biyu, gaz ba esansi ba ne, inji ba ya ƙona shi. A rufe yake zagayawa, in ya ragu sosai to akwai inda yake zuba. Ƙara shi ba tare da toshe ɓular ba, zuba ruwa ne a kwando. Sannan kowace mota da ma'auninta, da giram, a rubuce a ƴar takarda ƙarƙashin murfin inji, tare da sunan gaz ɗin: R134a a yawancin motocin da muke hawa, R1234yf a sababbin motocin Turai tun daga 2017. In aka zuba fiye da ma'aunin, matsi ya hau, sanyi ya ragu, kwamfaresa ta riƙa yankewa, wata rana ta lalace. A tsaye kuwa matsin ya fi hawa, tun da iska ta yi ƙaranci. Wato ka biya kuɗi an ƙara maka ciwon da ka kawo.

Akwai abin da kowa zai iya dubawa a ƙofar gidansa. Ka tada mota a fili, ka kunna kilim, ka buɗe murfin inji, ka leƙa ba tare da sa hannu ba: fankar tana juyi da ƙarfi? In shiru ne, ko tana tafiyar hawainiya, a duba fizibil da rele da motar fankar. Sai ka dubi ragar. Ƙurar hunturu, ƙwari, ciyawa da leda duk a nan suke taruwa. Ka yayyafa mata ruwa a hankali, kilim na aiki. In iskar ciki ta yi sanyi nan take, magana ta fito: ragar ba ta samun iskar da za ta huce. A wanke ta da ruwa marar ƙarfi, don haƙoranta ba su da wuyar lanƙwashewa. Kada a manta matatar iskar ciki, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin da ke gaban fasinja. In ƙura ta toshe ta, sanyin ba zai iso ka ba.

Wani zai ce, ai akwai wanda aka ƙara wa gaz ya samu lafiya. Gaskiya ne. Ƙarancin gaz ko kwamfaresar da ta tsufa su ma sukan nuna kansu a tsaye. Amma ido ba ya gane wannan, taɓa bututu ma ba ya isa. Sai an ɗaura agogon awon matsi a ɓangarori biyu, an nemo ɓula an toshe, an zuƙe iska da laima daga bututun, sannan a zuba gaz a kan sikeli.

Me ya sa ba a cika yin haka ba? Domin mu ba mu biyan kuɗin bincike. Bakanike ya ɓata rabin awa ya gano fizibil ne ya ƙone, sai mu ce "ai ba ka yi komai ba," mu miƙa masa kuɗin shayi. Wanda ya ɗaura tulun gaz kuwa, ƴan jikkuna za mu zaro ba gardama, don mun ga an zuba wani abu. Mu da kanmu muka koya masu cewa sani ba ya kawo abinci. Mu malamai tun a makarantar horo aka nuna mana ba a yi wa ɗalibi gyara sai an gano inda ya ɓata, kuma gano wurin shi ne babban aikin.

Don haka, ɗan'uwa, in ka je garaji a wannan bazara, kafin a taɓa tulu ka yi tambaya uku: fankar na aiki? Nawa agogo ya nuna? In gaz ya ragu, ta ina ya fita? Wanda ya amsa maka su, ka biya shi haƙƙinsa da daɗin rai, ko da bai canza komai ba sai fizibil. Wanda ya ce "mu dai ƙara mu gani," ka yi masa godiya, ka ja motarka gaba.