A Tambaye Mu Kafin A Ɗebi Jininmu

'Yan'uwa, akwai tambayar da wani dattijo ya yi mini shekarun baya, har yau ban biya shi amsarta ba. Wasu masu bincike ne suka zo daga nesa, suka nemi in raka su wani ƙauye in yi musu tafinta. Suka ɗebi jinin mutane a 'yan kwalabe, kowa ya dangwala yatsa a kan takardar Faransanci, aka raba sabulu, mota ta tashi. Bayan wata uku dattijon ya zo awon hawan jini. Ina ɗaura masa abin awo sai ya ce, "'Yata, jinin nan namu da kuka ɗauka, me ya ce?" Na ce, "Baba, ba su aiko ba tukuna." Ba su taɓa aikowa ba. Abin da ya fi cin raina shi ne, ni ce na ce wa mutane su dangwala, ba komai. Takardar shafi huɗu ce, na dunƙule ta a magana biyu, domin rana ta yi, kowa yana son komawa gona.

Na kawo wannan labari ne domin ina ganin masu bincike za su ƙaru a ƙasarmu, ba raguwa za su yi ba. Dalili kuwa, an sami sabuwar hanyar neman magani da kwamfuta, wadda kuke ji a rediyo ana kira ƙirƙirarriyar basira.

Ga yadda abin yake. Ku dubi tsohon dillalin shanu a kasuwar Ngong. Ya ga shanu dubbai, har ya kai da kallo ɗaya zai ce maka wannan lafiyayya ce, waccan tana da ciwo a ciki. Ba duba yake yi ba, yawan gani ne ya koya masa. Haka ake koya wa kwamfuta. A shekarar 2020, masana a wata jami'ar Amurka mai suna MIT sun nuna wa kwamfuta sinadarai fiye da 2,000, suka faɗa mata wanne ke hana ƙwayar cuta girma, wanne ba ya hanawa. Da ta koya, sai suka ba ta wasu kusan 6,000 ta tantance. Ta nuna wani da aka taɓa gwadawa don ciwon sukari aka ajiye. Da aka gwada shi, ya kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari magungunan da muka saba da su, har ya warkar da ɓeraye. Suka sa masa suna halicin.

Wannan abin godiya ne ga Allah, wanda ya ba ɗan Adam hikima. Amma kada wani ya je kantin magani ya tambayi halicin, babu shi. Kwamfuta nuni kawai take yi. Bayan nuninta sai an gwada a kwalba, a gwada a dabba, sa'an nan a jikin mutum, kuma wannan tafiya takan ci shekara 10 ko fiye. Cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan tara sukan faɗi a hanya. Babu na'urar da za ta sha magani a madadinmu. Idan kwamfuta ta yawaita abin da za a gwada, to, za a yawaita neman waɗanda za a gwada a jikinsu.

Ku kuma tuna, dillalin da ya tsufa cikin shanu, in ka kai shi kasuwar jakai sai ya zama baƙo. Kwamfuta abin da aka nuna mata ta sani, abin da aka tambaye ta take nema. Saran maciji ya ishe mu misali. Maganin dafin da muke amfani da shi daga jinin doki ake samo shi, yana da tsada, wani lokaci a neme shi a rasa. A farkon 2025 masana daga Amurka da Denmark sun ba da labarin cewa sun yi amfani da kwamfuta sun ƙera wasu sinadarai da suka tsare ɓeraye daga dafin macizai dangin gamsheƙa. Na yi murna da na karanta. Sai dai macijin da ya fi cika mana gadaje a nan kwarin Binuwai, lokacin noma da lokacin cirar gyaɗa, kububuwa ce, wadda ake wa kirari da gobe da nisa. Dafinta daban ne. Na gamsheƙa yakan shanye jijiya ya tsayar da numfashi, nata kuwa hana jini daskarewa yake yi, sai ka ga mutum yana zubar da jini ta dasashi da fitsari. Ban ce masanan nan sun yi laifi ba, sun fara da abin da suka iya. Amma wa zai gaya musu cewa kububuwa ce damuwarmu, in ba mu ba?

Saboda haka ban yarda da masu cewa mu rufe ƙofa mu kori duk mai bincike ba. Bincike ne ya nuna cewa baƙin dutsen nan da ake ɗorawa a kan saran maciji ba ya zuƙe dafi, ko da yake asibitocin mishan da yawa sun daɗe suna raba shi da kyakkyawar niyya. Ku kuma tuna da sanƙarau. Manyanmu sun san yadda yake shigowa da rani ya kwashe yara da matasa. Shugabannin lafiya na Afirka ne suka faɗi irin allurar da suke so da kuɗin da za su iya biya, aka yi ta a Indiya, iyaye a Mali da Gambiya da Senegal da Ghana suka yarda aka gwada ta. A ƙarshen 2011 ta iso arewacin Kamaru, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Irin sanƙaran da aka yi ta dominsa ya kusan ɓacewa. Mun ci moriyar yardar waɗansu iyaye da ba mu taɓa gani ba.

Amma tsoron da ke zukatan mutane ba daga sama ya faɗo ba, kuma ni ba zan kira shi jahilci ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan, a 2003, da jita-jita ta tashi a kan rigakafin shan inna, mutane sun tuna da wancan, aka dakatar da rigakafin a Kano har tsakiyar 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, har da namu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A nan gida ma an yi. A 2005 gwamnati ta dakatar da gwajin maganin tenofovir a Duwala, wanda ake yi da mata 400 don a ga ko zai hana kamuwa da ƙanjamau. Cikin ƙorafin da aka yi akwai cewa ba a yi wa matan bayani yadda ya kamata da harshen da suke ji ba, kuma ba a fayyace wanda zai kula da wadda ta kamu ana cikin gwajin ba. Daga baya bincike a wasu ƙasashe ya nuna maganin yana karewa. Magani mai kyau, amma rashin zama da mutane ya ɓata aikin.

To, me nake roƙo? Idan masu bincike suka zo, mu shimfiɗa musu tabarma, mu ba su ruwa, sa'an nan mu yi tambaya. Su nuna takardar izini daga Ma'aikatar Lafiya da ta kwamitin da ke duba ko bincike ya dace. Tun 2022 ƙasarmu tana da doka a kan binciken da ya shafi jikin mutum. A karanta takardar yarda dukanta, da Hausa ko Fulatanci ko yarenka, ko da za a kai la'asar. Ka tambaya ina za a kai jinin, shekara nawa za a ajiye shi, wa zai biya in maganin ya cuce ka, da kuma yaushe za a dawo da sakamako. In maganin ya yi kyau, nawa za a sayar mana? Ka sani kana da ikon cewa a'a, kana da ikon fita ko an riga an fara, kuma hakan ba zai hana mu duba ka a asibiti ba. Yardar jauro ko fasto ko liman hanya take buɗewa, ba ta zama yardarka ba. Yardar miji ma ba ta zama ta matarsa ba, ko da na san wasu ba za su ji daɗin wannan magana ba.

Masu maganin gargajiya su ma abin ya shafe su. A Jami'ar Buea, Farfesa Fidele Ntie-Kang da abokan aikinsa sun daɗe suna tattara sinadaran itatuwan magani na Afirka a kwamfuta don a nemi sabon magani a cikinsu. Aiki ne mai kyau, kuma namu ne. Amma duk wanda ya zo ya tambaye ka abin da kakanka yake yi da sabara ko marke, ka tambaye shi sunan wa za a rubuta, kuma in an ci riba ina rabon garinku.

Akwai kuma namu aikin. Littafin asibiti waɗanda suka iso kaɗai ya sani. Wanda kububuwa ta sara a gona ya rasu a gida, ko a kan babur kafin a kawo shi, ba ya cikin lissafin kowa, don haka babu kwamfutar da za ta san da shi. Ni dai na buɗe wani littafi daban. Ina roƙon kwamitin lafiya na kowane ƙauye, da zumuntar mata, da matasan majami'a da na masallaci, duk wanda maciji ya sara a wurinku, ya rayu ko ya rasu, ku kawo mini labari: wane wata ne, a gona ko a gida, wane irin maciji, me aka yi masa. Ba na bukatar suna. A ƙarshen damina zan zo da littafin in karanta muku abin da ya ce.