Wa ke riƙe da ƙofar aikin kwamfuta?

Sana'ar kwamfuta ta yi suna da cewa ba ta duban fuska. Manhaja ko ta yi aiki ko ta ƙi, kuma na'ura ba ta tambayar ɗan gidan wane ne ya rubuta ta. Shi ya sa ake zaton cewa a wannan fage kasancewar mutum cikin waɗanda ake kira LGBTQ, wato masu sha'awar jinsinsu da masu sauya jinsi, ba ta shafar samun aikinsa. Tarihin sana'ar bai gaskata wannan zato ba, domin kafin a kai ga na'ura, ɗan Adam ne ke karanta takardar neman aiki.

Alan Turing, masanin lissafi na Ingila wanda ya aza harsashin ilimin kwamfuta kuma ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, kotu ta same shi da laifin mu'amala da namiji a 1952. Daga nan aka rufe masa ƙofar aikin sirri na gwamnati, ya mutu a 1954 yana ɗan shekara 41. Sai a 2013 Sarauniyar Ingila ta yi masa afuwa. A Amurka kuma kamfanin IBM ya sallami injiniya Lynn Conway a 1968 saboda sauya jinsi. Ta sake fara aiki a ɓoye da sabon suna, daga baya ita da Carver Mead suka fito da tsarin zana ƙananan ƙwaƙwalwar na'ura, irin wadda ke cikin kowace salula a yau. IBM ya nemi gafararta a 2020, bayan shekara 52.

Waɗannan fitattu ne. Halin da mai neman aiki na gama-gari ke ciki ya fi bayyana a wani bincike da András Tilcsik ya wallafa a 2011. Ya aika takardu bibbiyu zuwa guraben aikin ofis 1,769 a jihohi bakwai na Amurka, ilimi ɗaya, gogewa ɗaya, sai dai ɗaya takardar ta nuna cewa mai ita ya riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar jinsinsu. An kira kashi 11.5 cikin ɗari na masu takardar da ba ta ambaci ƙungiyar ba, amma kashi 7.2 kawai na masu wadda ta ambace ta. Giɓin ya yi faɗi a Texas da Ohio, ya kusa ɓacewa a Kaliforniya. Ya kuma fi tsanani a wuraren da tallar aikin ta nemi mutum mai zafin nama da tsayawa kan magana. Ma'ana, an yanke hukunci a kan halin mutum tun ba a gan shi ba. Guraben ba na kwamfuta kaɗai ba ne, amma darasin ya shafi kowane ofis: abin da gari ya ɗauka shi ne ke bin mai ɗaukar ma'aikata har teburinsa.

Manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun sauya. Tim Cook, yana shugabantar Apple, ya bayyana wa duniya a 2014 cewa shi mai sha'awar jinsinsa ne, kuma a Yunin 2020 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke, a shari'ar Bostock, cewa korar ma'aikaci kan wannan dalili ta saɓa wa doka.

A Nijar lamarin ya bi wata hanya dabam. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana mai aiki nuna bambanci saboda jinsi, shekaru, addini, launin fata, naƙasa, cutar sida ko amosanin jini, amma ba ta ambaci wannan batu ba. A farkon 2023 Shugaba Mohamed Bazoum ya sanar da niyyar hukunta lamarin LGBTQ a sabon kundin laifuffuka, sannan kundin tafiyar da mulki da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya haramta shi. A Najeriya an sa hannu kan dokar hana auren jinsi tun Janairun 2014. Matsayin addini da na akasarin jama'a ma sananne ne. Saboda haka babu mai rubuta irin wannan bayani a takardar neman aiki a Maradi ko Yamai, kuma gwajin Tilcsik ba zai yiwu a nan ba.

To amma rashin bayyanawa bai kawar da matsalar ba, sai dai ya mayar da ita hannun zargi. A Dakoro, wani garin noma da kiwo a Nijar, aikin fasaha shi ne gyaran salula a kasuwa, shagon buga takardu, wakilcin tura kuɗi, kula da eriyar kamfanonin waya, da tattara bayanai a ƙauyuka wa ƙungiyoyin agaji. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma galibi ta hanyar sanayya ake shiga: dangi, abokai da 'yan unguwa. Maigida ba ya ɗaukar yaron shago sai ya tambayi na wane ne, wa zai tsaya masa. A irin wannan tsari kalma ɗaya ta isa. A ce muryar saurayi ta yi laushi, ko tafiyarsa ta yi kama da ta 'yan daudu, ko budurwa ta wuce talatin ba ta yi aure ba kuma ta fi son zama gaban kwamfuta, shi ke nan, an wuce sunansa ko sunanta. Ba za a faɗa masa dalili ba, balle ya kare kansa.

'Yan daudu kansu misali ne. Sun daɗe a ƙasar Hausa, Rudolf Gaudio ya rubuta littafi a kan na Kano a 2009, kuma an san su da sayar da abinci a tasha da girkin biki. Ana cin tuwonsu ana yabawa, amma da wuya a ga an ba ɗayansu kujerar ofis. Ba ƙarancin basira ne ya tsare su a bakin murhu ba. Nan ne kawai aka bar musu.

Wannan shi ne inda zaluncin ya fi fitowa fili, ko ga wanda bai yarda da komai na LGBTQ ba. Zargi ba shaida ba ne. Musulunci ya hana bin diddigin sirrin mutane, ya kuma tsananta a kan ƙazafi, amma a wajen ɗaukar aiki ana aikata duka biyun ba tare da jin an yi laifi ba. Mai shago da ya ƙi ƙwararren mai gyara saboda tsegumin majalisa ya hana bawan Allah abincinsa, ya kuma bar abokan cinikinsa a hannun wanda bai iya ba.

Wasu matasan da suka gama Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi sukan sa rai ga aikin nesa ta intanet, inda ake fara ba mutum gwajin rubuta manhaja kafin a ga fuskarsa. Wannan hanya ta rage ƙarfin tsegumi, sai dai tana buƙatar lantarki tsayayye, intanet mai ƙarfi da Turanci ko Faransanci mai kyau, abubuwan da ɗan Dakoro ke samu da ƙyar. Ga kuma wani haɗari: kamfanin waje kan aiko da fom yana tambayar ko mai nema na cikin LGBTQ, da niyyar ƙididdiga, alhali amsar da ba ta da illa a Kaliforniya tana iya jefa mai ita cikin matsala da doka idan ta fita a Nijar ko Najeriya.