Waken Samaru da Gardamar Masu Ilmi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, gardama ta tashi tsakanin malaman jami'a da ɗalibansu a kan irin shukar da aka sauya wa ƙwayar halitta, har ta iso zauruka da kasuwanni.

Asalin maganar, a shekarar 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fito da waken SAMPEA 20-T, wanda aka yi wa dashen ƙwayar halitta domin ya kashe tsutsar da ke huda kwansonsa. A 2024 masarar TELA ta biyo baya. Waɗansu suka ce alheri ne, domin feshin magani zai ragu, amfanin gona ya ƙaru. Waɗansu kuwa suna tsoron irin kakanni ya ɓace, manomi ya koma hannun masu sayar da iri.

Saɓanin masu ilmi ba aibi ba ne. Aibin shi ne su yi ta yinsa da Turanci, mai gona da mai awo suna cin jita-jita. Wajibi ne jami'a ta bayyana hujjojin kowane sashe da Hausa.

Malamin zaure kada ya halatta ko ya haramta kafin ya tambayi masana. Ɗan kasuwar Dawanau kuma ya faɗa wa mai saye wane wake ne a buhu, domin ciniki amana ne.

Allah ya nuna wa al'umma gaskiya, ya ba ta ikon binta. Wassalam.