Laƙabin "Ɗan Allah" Ba Aron Girkawa Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ɗakunan karatu da majalisun muhawara, wai Kiristocin farko sun aro laƙabin "Ɗan Allah" ne daga tatsuniyoyin Girkawa, inda ake cewa gunki Zus ya sadu da matan bil'adama aka haifi jarumai irin su Herakilis. Maganar tana da daɗin faɗi, amma ba ta da ƙafar tsayawa. Ta samu gindin zama ne bayan littafin Bajamushen nan Wilhelm Bousset, Kyrios Christos, na 1913, wanda ya jingina ɗaukakar Yesu ga al'adun Girkawa. A 1975 wani Bajamushen, Martin Hengel, ya warware wannan da'awa da hujjoji, amma har yau ana ta maimaita ta kamar ba a taɓa amsa ta ba.

Ɗalibin Hausa ya fi kowa sauƙin gano inda kuskuren yake, domin mabuɗin yana cikin harshen da yake nazari. Kasuwa ba ta haifi ɗan kasuwa ba, sanda ba ta haifi ɗan sanda ba. Kalmar "ɗa" tana nuna jingina da kusanci da sana'a da hali. Haka kalmar "ben" take aiki a Ibrananci. Wanda ya cancanci kisa "ɗan mutuwa" ne, almajiran annabawa "'ya'yan annabawa" ne, har shekarun mutum ma da ita ake faɗa, daidai da yadda Bahaushe ke cewa ɗan shekara goma. Wanda ya ji "ɗa" a bakin Bayahude na dā ya ɗauka lallai haihuwa ake nufi, to ya yi wa harshen karatun baƙo.

Littattafan Yahudawa sun yi amfani da laƙabin ta fuska huɗu. Ta farko, al'ummar Isra'ila baki ɗaya: a Fitowa 4:22 an kira ta ɗan fari na Allah, a Yusha'u 11:1 kuma an danganta wannan matsayi da fitowarta daga Masar. Ta biyu, sarkin gidan Dawuda: a Sama'ila na Biyu 7:14 Annabi Natan ya isar da alkawari cewa magajin Dawuda zai samu matsayin ɗa, Zabura ta 2 kuma ta ɗora laƙabin a kan sarki ranar naɗinsa. Wannan zaɓe ne da ɗaukar nauyi, ba nasaba ta jini ba. Ta uku, mala'iku: a Ayuba 1:6 an kira su 'ya'yan Allah, Yahudawan da suka fassara littafin zuwa Girkanci kuma suka sa kalmar mala'iku a wurin, abin da ke nuna yadda suka fahimce shi. Ta huɗu, mutum adali, kamar yadda ya zo a babi na 2 na littafin Hikimar Sulemanu.

Masu da'awar aro sukan ce babu shaidar cewa Yahudawa sun taɓa haɗa laƙabin da Almasihun da suke jira. Wannan hujja ta rushe tun da aka fara gano naɗaɗɗun littattafan Kumran a gaɓar Tekun Gishiri a 1947. Rubutun da ake kira 4Q174 ya ɗauki alkawarin Natan ya fassara shi a kan Reshen Dawuda da zai bayyana a ƙarshen zamani. Wani kuma, 4Q246, da harshen Aramiya, ya ambaci wani da za a kira ɗan Allah, ɗan Maɗaukaki, lafuzzan da suka yi kama da na Luka 1:32 da 35. Masana sun saɓa kan ko wane ne ake nufi a wannan rubutu na biyu, amma kasancewar lafazin a ƙasar Yahudiya, a hannun jama'ar da ta fi kowa tsanani wajen ƙyamar al'adun baƙi, ba abin jayayya ba ne.

Gaskiya ne Sarkin Rum Augustus ya ɗauki laƙabin ɗan abin bauta bayan an ɗaukaka Yuliyas Kaisar zuwa matsayin gunki a shekara ta 42 kafin Miladiyya, kuma mutumin Rum da ya ji wa'azin Kiristoci zai iya tuna wannan. Sai dai yadda mai sauraro ya ji magana daban ne da inda mai magana ya samo ta. Marubutan Sabon Alkawari sun nuna tushensu ƙarara. Bulus, a farkon wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya haɗa laƙabin da zuriyar Dawuda. Ibraniyawa 1:5 ta kawo Zabura ta 2 da alkawarin Natan a jere. Babu inda suka kafa hujja da Zus.

Akwai kuskure na biyu daga ɗaya ɓangaren, wato karanta Zabura da idon taron Nikiya na shekarar 325. A can ne aka tsayar da cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne, da wata kalmar Girkanci da babu ita a Littafi Mai Tsarki. Tsakanin sarkin da aka naɗa a Urushalima da wannan aƙida akwai tafiya mai nisa, wadda Yahudawa ba su bi ba, Musulunci kuma ya ƙi ta sarai. Alƙur'ani, a aya ta 18 ta Suratul Ma'ida, ya ba da labarin Yahudu da Nasara suna kiran kansu 'ya'yan Allah, ya kuma mayar musu da martani. Ko wannan ya isa nuni cewa lafazin ba baƙo ba ne a bakin Yahudawa.

Abin da ke gaban ɗalibi a nan shi ne amanar ilimi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wannan laƙabi yake yawo tsakanin maƙwabta Musulmi da Kirista, sau da yawa kowa na jin abin da ɗan'uwansa bai faɗa ba. Yarda da aƙida ko ƙin ta hakkin kowa ne, amma tarihin kalma ba ya bin son zuciya. Wanda zai yi suka ya soki abin da aka faɗa, wanda zai kare kuma kada ya ɗora wa Dawuda maganar Nikiya. Duk mai son sanin asalin laƙabin, Urushalima ya kamata ya dosa, ba Atina ba.