Ba a Auna Sabon Ɗan Katanga da Kakarsa ta Farko

Duk shekara, bayan manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka na gasar NFL sun kammala zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i a watan Afrilu, tambaya ɗaya ce ke cika bakin masu sharhi: shin yaron nan ya shirya? Ana yin ta a kan kowane sabon shiga, amma ta fi nauyi a kan 'yan wasan da aikinsu shi ne tsayawa a gaba su kare mai jefa ƙwallo. Ra'ayina shi ne, ana gaggawar amsa tambayar, kuma ana ɗora ta a kan yaron shi kaɗai, alhali rabin amsar tana hannun ƙungiyar da ta ɗauke shi.

Ga mai karatun da ya fi sabawa da ƙwallon ƙafa irin ta Turai, ga yadda abin yake. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. A ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo akwai wanda Amurkawa ke kira kwatabak, shi ne ke karɓar ƙwallo ya ba da umarni ya kuma jefa ta. Bari mu kira shi madugu. A gabansa akwai ƙarti biyar a jere, kowannensu nauyinsa ya kai kilo 140 ko kusa da haka, su ne katanga. Ba sa cin maki, kuma galibi ba a ambaton sunansu sai sun yi kuskure. Aikinsu shi ne su tare abokan hamayya na kimanin daƙiƙa uku har madugu ya saki ƙwallo, ko su buɗe hanya ga mai gudu da ita. Wanda ke ƙarshen hagu na katangar shi ya fi kowa ɗaukar amana, domin madugu mai jifa da hannun dama yakan juya wa hagu baya, ba ya ganin abin da ke tahowa daga can.

Idan katanga ta tsage, jikin madugu ne ke biya. A 2002, David Carr na ƙungiyar Houston Texans, wanda aka zaɓa na farko a shekarar, ya sha kayarwa sau 76 a kaka guda, adadin da har yau ba a wuce shi ba, kuma bai taɓa zama abin da aka yi masa zato ba. A watan Nuwamban 2020, Joe Burrow na Cincinnati Bengals ya samu mummunan rauni a gwiwa yana tsakiyar kakarsa ta farko, a bayan katangar da kowa ya san tana da rauni. Saboda haka saka sabon shiga a katanga caca ce da lafiyar ɗan wasan da ƙungiya ta fi dogaro da shi.

Zaɓen 2020 ya ba mu misalin da ya dace a yi nazari a kansa, domin an ɗauki masu tsaron ƙarshen katanga huɗu a cikin mutum 13 na farko. New York Giants suka ɗauki Andrew Thomas na Jami'ar Jojiya a lamba 4. Cleveland Browns suka ɗauki Jedrick Wills a lamba 10, New York Jets suka ɗauki Mekhi Becton a lamba 11, sannan Tampa Bay Buccaneers suka ɗauki Tristan Wirfs a lamba 13. Da kaka ta ƙare, hukuncin jama'a a fili yake. Wirfs ya buga kowane wasa, ya kuma ci kofin Super Bowl a watan Fabrairun 2021. Wills da Becton sun sha yabo. Thomas kuwa, kamfanin ƙididdiga na PFF ya lissafa cewa ta gefensa aka kayar da madugu sau 10, aka kuma yi ta cewa Giants sun yi zaɓen tumun dare.

Sai ga shi bayan shekara biyu, a kakar 2022, an sanya Thomas a sahu na biyu na gwanayen gasar gaba ɗaya, kuma a watan Yulin 2023 ƙungiyarsa ta ba shi sabon kwantiragi na shekara biyar a kan dala miliyan 117.5. Becton ya ji ciwo a gwiwa a wasan farko na 2021, bai buga ko wasa ɗaya ba a 2022, sai a 2024 ya farfaɗo a Philadelphia Eagles bayan an mayar da shi wani gurbi na cikin katanga. Wills ya yi ta ja da baya har kwantiraginsa da Browns ya ƙare bayan kakar 2024. A cikin huɗun nan, Wirfs kaɗai ne kakarsa ta farko ta faɗi gaskiya a kansa. Ma'aunin da ya dace sau ɗaya cikin huɗu bai cancanci a yanke hukunci da shi ba.

Me ya sa kakar farko ke yaudara haka? Dalili na farko shi ne bambancin wasan jami'a da na ƙwararru. Jami'o'i da yawa suna bin salon baza 'yan wasa a faɗin fili a saki ƙwallo da wuri, don haka ɗan katanga ba ya daɗewa yana tare mutum. Kuma yaron da ya fi sa'o'insa girma da ƙarfi yakan ci nasara ko da sawunsa ba daidai yake ba. A gasar ƙwararru ƙarfin nan ba ya isa, domin wanda ke fuskantarsa ya shekara bakwai ko takwas yana koyon yadda ake doke hannu, da yadda ake nuna za a bi waje sai a kutsa ta ciki, kuma ya kwana yana kallon faifan bidiyon yaron yana neman laginsa. Jiki kusan kullum a shirye yake zuwa. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sanin inda za a ajiye ƙafa da lokacin da za a miƙa hannu.

Dalili na biyu shi ne lokacin koyo ya ragu. Yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2011 ta hana atisayen karo sau biyu a rana a sansanin share fage, ta kuma taƙaita atisaye cikin cikakken sulke zuwa sau 14 a tsawon kaka. An yi haka ne don kare lafiyar 'yan wasa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai mai kama ƙwallo yana iya gyara gudunsa ba tare da ya taɓa kowa ba, ɗan katanga kuwa ba ya koyon tare ƙato sai da ƙato a gabansa. Yarjejeniyar ta kuma ƙayyade albashin sababbin shiga, da kwantiragin shekara huɗu, da damar ƙarin shekara ta biyar ga waɗanda aka zaɓa a zagayen farko. Wannan ya sa sabon shiga ya fi tsohon hannu araha ƙwarai, kuma kowace ƙungiya tana son ta ci moriyar arahar tun daga ranar farko. An rage masa lokacin koyo, an kuma ƙara matsa lambar a saka shi da wuri.

Dalili na uku, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne katanga aikin mutum biyar ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan abokan hamayya biyu suka yi musayar hanya, sai ɗan katanga da maƙwabcinsa sun miƙa wa juna su cikin ƙiftawar ido, ba tare da magana ba. A dubi inda aka ajiye Wirfs: a gefen dama, inda ya fi bugawa a Jami'ar Iowa, cikin katangar da ke da tsofaffin hannu irin su Ryan Jensen da Ali Marpet, a gaban Tom Brady mai shekara 43, wanda ya shahara da saurin sakin ƙwallo. A dubi kuma Thomas: tsohon mai tsaron hagu, Nate Solder, ya janye daga kakar saboda annobar korona, aka miƙa wa yaron gurbin mafi wuya a shekarar da ba a buga wasannin share fage ba. Madugunsa, Daniel Jones, yana shekararsa ta biyu, babban koci sabo ne, an kori kocin katanga a watan Nuwamba, kuma a rabin kaka na biyu wanda ke tsaye kusa da shi ma sabon shiga ne. Wirfs gwani ne, kuma shekarun da suka biyo baya sun tabbatar da haka har bayan da aka mayar da shi hagu a 2023. Amma duk wanda ya kwatanta kakar farko ta mutanen biyu, yanayin ƙungiyoyi biyu yake kwatantawa tare da su.

Akwai masu cewa a bar yaro ya shiga, domin a fili ake koyo, kuma suna da misalai na gaske. Joe Thomas ya shiga Browns a 2007 ya haskaka nan take, haka ma Quenton Nelson a Indianapolis Colts a 2018. Na yarda cewa zama a benci kaɗai ba ya koyar da kowa. Amma irin waɗannan ba su da yawa, shi ya sa ake tunawa da sunayensu. Akwai kuma misali daga ɗaya ɓangaren. Jordan Mailata ɗan Ostireliya ne mai wasan rugbi, bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba lokacin da Eagles suka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018. Koci Jeff Stoutland ya yi ta horar da shi, bai shiga wasan gasa ba sai 2020, kuma shi ne ya tsare hagu a ranar da ƙungiyar ta ci Super Bowl a Fabrairun 2025. Wannan darasi ya shafi matasan Najeriya da ke shiga gasar ta shirin ɗauko 'yan wasa daga ƙasashen waje, irin su Roy Mbaeteka da Giants suka ɗauka a 2022: girman jiki ke buɗe musu ƙofa, sauran kuma ya danganta da haƙurin mai koyarwa.

Abin da nake gani shi ne, kafin ƙungiya ta tambayi ko yaro ya shirya, ta fara duba nata shirin. Shin akwai tsohon hannu kusa da shi? Shin kocin katanga zai daɗe, ko kowace shekara sabon salo za a koya? Shin tsarin wasan zai turo masa mataimaki idan ya haɗu da gagarumin abokin karawa? Shin a gefen da ya saba aka ajiye shi? Idan amsoshin sun yi kyau, a saka shi ya yi kurakuransa inda ba za su jawo babbar asara ba. Idan ba su yi ba, gara a ɗauko tsohon hannu na shekara guda, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gwiwar madugu ta fi albashin shekara tsada.

Su kuma masu kallo da masu sharhi, abin da ya kamata su duba a kakar farko shi ne ko kuskuren da yaro ya yi a watan Satumba yana maimaita shi a Disamba. Hukunci na ƙarshe kuwa a jinkirta shi zuwa kaka ta uku, wadda bayanta ne ita ma ƙungiya ke yanke shawara a kan shekara ta biyar ta kwantiraginsa. Da Giants sun bi hukuncin da jama'a suka yanke a ƙarshen 2020, da sun rabu da Andrew Thomas saura shekara biyu ya shiga sahun gwanaye.