Izu Nawa Ya Kai? Tambayar da Ba Ma Yi wa Ɗan Boko

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗaukaka ɗan Adam da ilimi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Nijeriya ta sanar da sabuwar manhajar karatu ta makarantun firamare da sakandare, wadda hukumar NERDC mai tsara manhaja ta shirya. An rage yawan darussa domin a sauƙaƙa wa yara kaya: ɗan aji 1 zuwa 3 na firamare zai ɗauki darasi 9 zuwa 10, ɗan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, ɗan babbar sakandare kuwa 8 zuwa 9. An wajabta Tarihin Nijeriya tun daga firamare, an kuma tsayar da sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓa daga cikinsu: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noma da lambu.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. An fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2008, aka yi mata garambawul aka shigo da sabuwa a 2014, ga kuma ta 2025. Kowace ta zo da buri mai kyau a takarda. Abin da nake son mu tsaya mu duba shi ne, a duk waɗannan sauye-sauye, iyaye nawa ne a unguwanninmu suka san abin da aka canja, balle su san abin da ake so ɗansu ya iya a ƙarshen kowane aji? Ni a ganina, manhajar da gida bai san da ita ba kamar shuka ce da aka yi a gona, aka tafi ba a dawo noma ba. Kuma maganin wannan matsala yana cikin gidajenmu tun kaka da kakanni.

Mu dubi makarantar allo. Malam Bahaushe yana da mizanin auna karatun Alƙur'ani wanda babu ruɗu a cikinsa. Yaro zai fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya shiga haɗa baƙi. Ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam an tabbatar ya iya. Uwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san ɗanta yana Sabbi ko ya shiga Amma, ta san izu nawa ya rage masa cikin sittin. Uba yana aikawa da kuɗin Laraba, in ya haɗu da malam a masallaci ya tambaye shi yadda yaron yake. Idan ya kai wasu surori a yi sadaka, in ya sauke a yi walima, dangi su taru su saurare shi yana karantawa da bakinsa. Wato kowa a gidan ya san matakin da ake hawa, ya san wanda ke biye, kuma ana jin karatun da kunne kafin a yarda.

To, shi wannan yaron, idan ya dawo daga boko da katin sakamako, tambaya ɗaya muke yi masa: "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku, sai a sa masa albarka a wuce. Alhali kuwa zuwa na uku yana nuna matsayinsa ne tsakanin 'yan ajinsu kawai. Idan ajin gaba ɗaya ba su iya karatu ba, na ɗayansu ma bai iya ba. Babu uban da zai yarda a ce masa ɗansa ya zo na biyu a makarantar allo amma bai iya Fatiha ba. Me ya sa muka yarda da irin wannan a boko?

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A 2022 Bankin Duniya tare da UNICEF da UNESCO da wasu hukumomi sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, da kayan makaranta a jikinsu da jaka a bayansu. Ana ciyar da su gaba daga aji zuwa aji, sai an zo jarrabawar WAEC ko JAMB asiri ya tonu. A lokacin ne ake fara neman "cibiya ta musamman" da satar amsa, sai laifin sakaci ya haifi laifin ha'inci, wanda Manzon Allah (SAW) ya yi kakkausan gargaɗi a kansa.

Addininmu bai bar wannan nauyi a wuyan gwamnati ita kaɗai ba. A hadisin Abdullahi ɗan Umar (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya kamanta kowannenmu da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya kuma ambaci magidanci a kan iyalinsa da mace a kan gidan mijinta. Makiyayi na ƙwarai ba ya kora dabbobi daji ya koma ya kwanta. Yana duba ko sun ci, ko sun sha. Littattafan tarihin Annabi (SAW) sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, an sanya koyar da yaran Madina rubutu ya zama fansar wasu fursunoni masu iya rubutu. Ya kuma umarci Zaidu ɗan Sabit (RA) da ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru domin ilimi ya shiga har cikin ɗakunan mata a ƙauyuka. Saboda haka bibiyar karatun yaro gadonmu ne, kuma in niyya ta gyaru ibada ce.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko: "Iyayenmu ba su yi boko ba, yaya za su duba abin da ba su sani ba?" Ai uwa ba ta buƙatar takardar shaida kafin ta ce wa ɗanta, "Karanta mini wannan shafin in ji, sannan ka gaya mini da Hausa abin da ya ce." In ya yi ta in-ina, ko ya karanta ya kasa bayani, ta gane. Uba zai iya aiken ɗansa kanti da naira dubu ya ce ya lissafa canji kafin ya tafi. Sannan a nan ne ku matasa kuka shigo. Kai da ka gama sakandare ko kake jami'a, ke da kike da waya a hannu kina iya binciken intanet, ku ne idon iyayenku a wannan fage. Ƙanenka yana da haƙƙi a kanka fiye da abokan hirar da ba ka taɓa gani ba.

Na biyu: "Ba mu amince da abin da ake cusawa a manhajar ba." Wannan damuwa tana da tushe, amma gudun makaranta ko kawar da kai ba ya maganinta. A 2017, bayan ƙorafin jama'a kan cuɗe darasin addini da wasu darussa, Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a ware darasin addinin Musulunci da na Kirista kowanne ya tsaya da ƙafarsa. A 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire darasin jima'i daga manhajar ƙananan makarantu. Duka biyun sun faru ne domin akwai waɗanda suka karanta, suka gani, suka yi magana. Wanda bai buɗe littafin ɗansa ba, ba zai san alherin da ke ciki ba, ba zai san sharrin ba, sai dai ya rayu a kan jita-jita, alhali Suratul Hujurat ta hore mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi.

Na uku: "Ajin cike yake maƙil, babu kujeru, babu isassun malamai." Gaskiya ne a makarantu da yawa, kuma ba na wanke hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati samar da ilimi kyauta kuma dole na shekara tara, ta kuma ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya je ya kammala. Amma wa zai tsaya a kan hukuma ta sauke nata nauyin in ba iyayen da suka san abin da aka yi musu alkawari ba? Akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda aka tanadi kujerun al'umma a cikinsa. Taron da ba mu halarta, ba mu da bakin kukan abin da aka yanke a cikinsa.

Shawarata ga kowane gida ita ce mu ɗauko tsarin allo mu shimfiɗa shi a kan boko. A farkon kowane zangon karatu, wani daga gidan ya je wurin malamin ajin cikin ladabi da girmamawa, ya tambaye shi: "Malam, zuwa ƙarshen wannan zango me ake so yaron nan ya iya a karatu da lissafi?" A rubuta amsar a ajiye. A ware ɗan lokaci kowace rana, ko da minti ashirin ne bayan Isha'i, yaro ya biya abin da aka koya masa da babbar murya, kamar yadda yake tilawa. A kiyaye masa lokacin makaranta daga talla da yawan aike, musamman 'ya'ya mata. A ƙarshen zango a ɗauko waccan takarda a gwada shi a kanta. In ya iya, a yi masa 'yar kyauta a sa masa albarka. In bai iya ba, a koma wurin malam a nemi mafita tare, ba da faɗa ba.

Batun sana'o'in nan shida kuwa, a nan gida ya fi makaranta kayan aiki. Makarantu nawa ne ke da keken ɗinki ko farantin sola na koyarwa? Amma da wuya a sami dangin da babu tela, ko mai lambu, ko mai kiwo, ko mai gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre ta Kano. Idan yarinya ta zaɓi ɗinki, a haɗa ta da gwaggonta mai keke ranar Asabar. Idan yaro ya zaɓi sola, a miƙa shi ga amintaccen mai sana'ar a lokacin hutu. Sai abin da ya gani a littafi ya sauka a hannunsa.

Ina kuma kira ga limamanmu da malaman Islamiyya, waɗanda maganarsu ke shiga inda takardar ma'aikata ba ta kaiwa. Huɗuba ɗaya a farkon shekarar karatu, wadda za ta tunatar da iyaye cewa su san darasin 'ya'yansu, za ta yi tasirin da sanarwar rediyo goma ba za ta yi ba.

'Yan'uwa, manhaja za ta iya sake canjawa nan da wasu shekaru, kamar yadda ta saba. Shekarun ƙuruciyar yaro su ne ba sa dawowa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da daddare ka kira ƙanenka ko ɗanka, ka buɗe masa littafinsa na makaranta, ka ce ya karanta maka shafi ɗaya, ka saurara da kyau.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba su ilimi mai amfani duniya da lahira, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana. Amin.